Karatun Kasuwancin Wasanni: Me Ɗan Garwa Zai Sayar, Wa Kuma Zai Saya?

Ranar 11 ga Janairu, 2022, a gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci, Najeriya ta doke Masar da ci ɗaya mai ban haushi a filin Roumdé Adjia da ke Garwa, Kelechi Iheanacho ne ya jefa ƙwallon. A makonnin nan garin ya cika ya batse da baƙi, musamman 'yan Yola da Mubi da suka tsallako iyaka domin su ga 'yan wasansu ido da ido. Mai masauki ya ga kasuwa, haka mai kilishi da mai shayi da ɗan acaba. Sai dai kuɗin da ya zagaya a hannunmu ɗan ƙaramin kaso ne na abin da gasar ta tara. Babban kason an riga an ƙulla cinikinsa tun kafin a busa usur. Sunan gasar kansa kamfanin mai na Total ya saye shi a wajen hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tun 2016, kamar yadda Orange ya riƙe shi kafin nan. Allunan da suka kewaye filin kowanne da farashinsa. Hoton da aka haska wa duniya daga Garwa kuwa, kowane gidan talabijin sai da ya biya kafin a ba shi izinin nunawa. Waɗanda suka zauna suka yanke waɗannan farashi, suka rubuta kwantiragi, suka kuma tabbatar an cika abin da aka rubuta, aikinsu shi ne kasuwancin wasanni, kuma fanni ne da ake karantawa a jami'a.

Yanzu da zarar sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, za ka ji wasu samari suna ambaton wannan karatu, don tallan makarantu masu zaman kansu na Duwala da Yawunde da Maroko da Faransa na biyo su har cikin Facebook. Yaro ya tunkari mahaifinsa da maganar, uban ya dube shi ya ce, "Yanzu duk karatun duniya ka rasa wanda za ka yi sai na ƙwallo?" Yaron ya ce, "Baba, ai ba bugawa zan yi ba, harkar kuɗinta zan koya." Daga nan magana takan tsaya, domin shi kansa yaron bai san abin da ke cikin karatun ba balle ya fayyace. Ni a ganina uban yana da hujjar yin tambaya, yaron ma bai yi wauta ba. Karatun na gaske ne, akwai abinci a cikinsa. Amma kasuwar da littattafan fannin suke bayani a kanta daban take da wadda ke gabanmu a Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena, kuma wanda bai gane wannan ba tun farko zai dawo da takarda ya rasa inda zai kai ta.

Fannin yana da fuska biyu. Ta farko ita ce sayar da wasan kansa: yadda za a sa mutum ya baro inuwar gidansa a zafin watan Afrilu, ya biya kuɗin ƙofa, ya kuma dawo mako mai zuwa da ɗansa. Ta biyu ita ce sayar da wani kaya daban ta hanyar wasa, kamar layin waya ko sabulu ko taki ko asusun banki. A fuska ta biyun, abin da ƙungiya ke sayarwa shi ne hankalin jama'ar da suka taru dominta. Kamaru ta ba duniya darasi a kan wannan tun tuni. A 2002 kamfanin Puma ya ɗinka wa tawagar ƙasa riga marar hannu, suka ci kofin Afirka da ita a Mali, FIFA ta hana a saka ta a gasar cin kofin duniya ta wannan shekarar sai da aka ƙara mata baƙin hannu. A 2004 kamfanin ya sake fito da riga da wando a haɗe, FIFA ta ci tarar Kamaru ta kuma zare mata maki shida, daga baya aka mayar. Rigimar ta kai sunan Puma lungunan da tallan rediyo ba zai taɓa kaiwa ba, har yau kuma ana tuna rigar.

Wanda ya shiga ajin da tunanin za a yini ana hirar Real Madrid da Barcelona zai sha mamaki. Shekarun farko lissafin kuɗi ne da tattalin arziki da ƙididdiga da dokar kasuwanci. Ana koyon yadda ake binciken kasuwa, yadda ake tsara tambayoyi a yi wa mutane, yadda ake yanke farashin da ba zai kori talaka ba kuma ba zai karya mai shirya wasa ba. Sai daga baya ake shiga abin da ya keɓanta ga wasanni: kwantiragin ɗaukar nauyi, haƙƙin watsa wasa, haƙƙin ɗan wasa a kan sunansa da hotonsa, shirya taro da tsaron 'yan kallo. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Mutum takwas suka rasu a turmutsutsun ƙofar filin Olembé a Yawunde ranar 24 ga Janairu, 2022. Yawan tikitin da aka sayar, da ƙofofin da aka buɗe, da lokacin da aka buɗe su, duk suna cikin aikin wanda ya karanci shirya wasa, kuma kuskure a nan rai yake ci.

Littattafan za su ce maka kuɗin wasa ta ƙofa huɗu yake shigowa: talabijin, masu ɗaukar nauyi, kuɗin ƙofa, da sayar da riguna da makamantansu. A can inda aka rubuta littattafan, talabijin ce uwa. FIFA ta tara sama da dala biliyan 7 tsakanin 2019 da 2022, kuma kaso mafi tsoka daga haƙƙin watsa wasa ya fito. Gasar Firimiya ta Ingila ma da cinikin talabijin ta tashi a 1992.

To mu a nan fa? Ka leƙa gidan kallo a Yelwa ko wata unguwa ranar Asabar da yamma. Rumfar kwano ce, bencina a jere, janareta na kuka a baya, an rubuta wasannin ranar da alli a baƙin allo a bakin ƙofa. Yaro na tsaye da gwangwani yana karɓar tsaba. Ciki kuwa babu masaka tsinke, wannan da rigar Chelsea, wancan da ta Arsenal, ana musu da Hausa da Fillanci da Faransanci gaba ɗaya. Duk tsabar nan da ta taru, mai gidan zai cire kuɗin mai da na haya, sauran ya biya Canal+ kuɗin wata, daga can kuma wani kaso ya wuce Turai. Ke nan jama'armu suna biyan kuɗin kallon ƙwallo kowane mako, ba su gaza ba, illa dai kuɗin ba ya tsayawa a gida. Ƙungiyar garin da ke wasa a ranar nan, gogayyarta da Manchester City take yi a kan ido ɗaya da aljihu ɗaya, ko ta sani ko ba ta sani ba. Wannan shi ne abu na farko da ɗalibin fannin daga arewa ya kamata ya zauna ya yi wa tunani.

Riguna kuwa, wadda ake sayarwa a kasuwa jaka biyu ko uku, wato sefa dubu biyu ko uku, ba ta da wata alaƙa da asusun ƙungiyar da sunanta ke jiki, kuma babu wanda zai ɗora wa matashi laifi don ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai. Kuɗin ƙofa yana shigowa, amma yana yoyo. Wannan ɗan gidan wane ne, wancan abokin mai gadi ne, wani ya haura katanga, tikiti ɗaya ya shigar da mutum uku. Idan aka tashi, babu wanda zai iya faɗa maka adadin waɗanda suka shiga.

Saura ƙofa ɗaya ke nan, ta masu ɗaukar nauyi, kuma a nan ne Garwa take da abin nunawa. An kafa ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport a 1986 a ƙarƙashin inuwar SODECOTON, kamfanin auduga da hedikwatarsa ke cikin garin. Ta fara cin gasar ƙasa a 1997, daga nan ta ci fiye da sau 15, ta karya kakagidan da ƙungiyoyin Yawunde da Duwala suka daɗe suna yi. A 2003 ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, Raja Casablanca ta doke ta. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, ta sha kashi 2-0 a hannun Al Ahly a Alkahira, aka tashi 2-2 a Garwa. Sirrin bai wuce albashi a kan lokaci, da filin atisaye, da kula da yara tun suna ƙanana ba, duk kuwa abubuwa ne da sai da kuɗi mai ɗorewa. A Cadi ma sunayen ƙungiyoyi irin su AS CotonTchad da Elect-Sport sun isa su nuna maka daga inda ruwan yake gangarowa. Ina alfahari da abin da Coton Sport ta yi, amma ina jin tsoron wannan tsari. Ƙungiyar da kamfani ɗaya ko attajiri ɗaya ke riƙe da ita, lafiyarta na rataye ne a kan farashin auduga ko a kan ran mutum guda. Mun sha ganin ƙungiyar da ta haska shekara biyu ko uku, mai gidan ya faɗi zaɓe ko kasuwa ta juya masa baya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ƙari a kan haka, manyan kamfanonin da ke da kasafin talla, na waya da bankuna da masu kayan sha, ofisoshin da ake yanke shawara suna Duwala ko Yawunde. Wanda ke zaune a can ba ya ganin taron da ake yi a Gidar ko Yagwa sai an kai masa hujja a rubuce.

A nan ne nake ganin ainihin amfanin wannan karatu gare mu. Yawancin abin da muke kira tallafin wasa, alheri ne ake yi. Mai kuɗi ya bayar don a gode masa, mai karɓa ya karɓa ya yi addu'a, babu wanda ya yi wa wani alkawarin komai. Alheri abu ne mai kyau, sai dai ba a gina kasafin shekara a kansa, domin wanda ya ba ka bana don ra'ayinsa yana iya hana ka baɗi ba tare da ya yi maka laifi ba. Ciniki kuwa yana ɗorewa muddin kowane ɓangare na cin riba.

Ɗauki gasar hutun makaranta da ake yi a unguwanni tsakanin Yuli da Agusta. An kewaye fili da igiya, an zuba toka an ja layi, unguwa goma sha shida sun shiga. Ranar wasan ƙarshe mutane har kan katanga da rassan darbejiya. Alhaji ya ba da kofi da rago da saitin riguna, mai lasifika yana ta zuba masa kirari, aka ɗauki hoto, aka watse. Washegari babu abin da ya rage sai bawon rake. Yanzu a ce cikin masu shirya gasar akwai yarinya ko yaro da ya yi shekara biyu a ajin kasuwanci. Tun ranar farko zai sa mutum biyu a mashiga su riƙa ƙirga masu shigowa, ya rubuta a littafi kowace rana. Zai zagaya da takarda ya tambayi mutum ɗari shekarunsu, da sana'arsu, da layin wayar da suke amfani da shi, da ko suna aika kuɗi ta waya. Zai ɗauki gajerun bidiyo ya saka a WhatsApp da TikTok, ya ajiye adadin waɗanda suka kalla. Baɗi, wata uku kafin gasa, sai ya shiga shagon dillalin wayoyi ko ofishin wani ƙaramin bankin unguwa da shafi biyu a hannu. Ya ce, "Alhaji, ga yawan mutanen da suka zo bara, kwana talatin a jere, mafi yawansu samari masu sana'a. Za mu sa sunanka a kan gasar da ƙirjin riguna, mu ba ka rumfa a bakin fili ka riƙa buɗe wa mutane asusu, mai lasifika ya ambace ka sau kaza a kowane wasa. Ga abin da muke nema, rabi yanzu, rabi bayan mun kawo maka rahoto." Idan an gama gasar ya koma da hotuna da lissafin asusun da aka buɗe a rumfar. Wannan komawar da rahoto ita ce abin da kusan kowa yake mantawa, ita ce kuma take sa a sake ba ka baɗi.

Wanda ya san kara ya san wannan aikin. Dillalin shanu ba shi da sa ko ɗaya, amma ya san nauyin dabba da ido, ya san wanda ke nema, kuma amanarsa ce jarinsa: ranar da ya ƙara wa ramammen sa ƙiba da baki, ya rasa mai saye har abada. Mai tallata wasa da ya ce mutum dubu biyar suka zo alhali ɗari takwas ne, kasuwarsa ta mutu, ya kuma ɓata wa na bayansa.

Rashin aunawa ba ƙananan gasa kaɗai yake cutarwa ba. A 2016 ƙungiyar Metz ta Faransa ta fito da riga ɗauke da rubutun "Tchad, Oasis du Sahel". Abin ya tayar da ƙura a Cadi, domin ya zo daidai lokacin da faɗuwar farashin mai ta jefa ƙasar cikin matsi, mutane suna tambayar wa ya biya, nawa aka biya, me kuma talaka zai samu. Bayan shekara biyu Ruwanda ta sa "Visit Rwanda" a hannun rigar Arsenal. Ita ma ta sha suka, amma tana da abin da za ta nuna wa baƙon da tallan ya jawo: jirgin sama na ƙasa, otal-otal, gandun daji, sauƙin biza. Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne talla ba ya tsayawa shi kaɗai. Kafin ka kira mutane, sai ka tanadi abin da za su tarar, ka kuma san yadda za ka gane ko kiran ya yi aiki.

Akwai wata ƙofar kuɗi ta biyar da ta fi sauran dacewa da mu, ita ce 'yan wasan da muke renowa. Vincent Aboubakar daga Coton Sport ya tafi Valenciennes a 2010, ya bi ta Lorient da Porto da Besiktas, ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar kofin Afirka da aka yi a gida a 2022 da guda 8, ya kuma ci Brazil a Qatar. André-Frank Zambo Anguissa ma ya bi ta Coton Sport kafin Marseille. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A cinikin yuro miliyan 10, rabin miliyan ke nan, kuma yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai. Sharaɗin shi ne sunan yaron ya kasance a rajistar hukumar ƙwallo ta ƙasa a ƙarƙashin ƙungiyar, da shekarunsa na gaskiya. Malamin unguwa da ya yi shekara biyar yana saya wa yaro takalmi daga aljihunsa, in bai yi masa rajista ba, ko sisi ba zai gani ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin aikin takarda ne kawai, kuma matashi ɗaya da ya san doka zai iya riƙe wa cibiyoyin horo biyar wannan aiki.

Kada kuma a taƙaita tunani a kan tamaula. Muna da dambe da kokawa da sukuwar dawaki a fadojin lamiɓe lokacin salla, abubuwan da Turai ba ta da irinsu balle ta yi mana gogayya. Nijar tana gudanar da gasar kokawa ta takobi tun 1975, ƙasar kan tsaya cak idan ana yi. A Senegal kokawa ta zama sana'ar da ake biyan manyan 'yan wasa miliyoyin sefa, har aka gina mata babban fili na musamman a Pikine a 2018. Damben Hausa ya samu miliyoyin masu kallo a YouTube bayan da wasu a Najeriya suka fara ɗaukarsa da kyamara mai kyau. Wanda zai shiga wannan fage daga arewacin Kamaru ko Cadi sai ya san darajar sarkin dambe da makaɗa da masu unguwa, ya san cewa ba a kafa allon talla a ƙofar fada sai da izini da ladabi. Wannan ilimin ɗan gida ne yake da shi, baƙo daga Paris sai ya yi shekaru bai same shi ba. Ya kuma tabbata ɗan damben da ake kallon jininsa yana samun rabonsa a rubuce, akwai kuma mai duba lafiya a gefen fili.

Dole a taɓo maganar da iyaye suka fi jin tsoro, kuma suna da gaskiya. Kaso mai yawa na kuɗin tallan wasanni a Kamaru da Afirka baki ɗaya daga kamfanonin giya da na caca yake fitowa. Tseren hawan dutsen Kamaru da ake yi a Buea tun 1973, kamfanin Guinness ne ya fara ɗaukar nauyinsa. Sunayen kamfanonin caca kuwa suna kan alluna a manyan gasannin nahiyar, rumfunansu sun shigo har cikin unguwanninmu, kuma kowa ya san gidan da cacar ƙwallo ta raba ɗa da uba. Matashi Musulmi da ya karanci wannan fanni zai iya tarar da cewa aikin farko mai albashi mai kyau da aka yi masa tayi daga irin waɗannan wurare ne. Gara ya yanke wa kansa hukunci tun yana aji, kafin yunwa ta yanke masa. Ni shawarata ya nisance su, ko da hakan zai rage masa kasuwa. Akwai kamfanonin waya, da masu shinkafa da man girki da siminti da babura da fitilun sola, akwai kuma ƙungiyoyin kiwon lafiya da ke neman taron jama'a domin isar da saƙon rigakafi. Samunsu ya fi wuya, amma ana samu.

Sai batun inda za a yi karatun. Mutane da yawa suna rikita shi da abin da ake koyarwa a INJS ta Yawunde ko CENAJES ta Garwa ko INJS ta Njamena. Waɗannan cibiyoyi an gina su ne musamman domin horar da malaman motsa jiki da jami'an matasa da wasanni, hanya ce mai kyau ga mai son koyarwa ko aikin gwamnati, amma ba ita ce hanyar ɗan kasuwa ba. Hanyar da na fi yarda da ita ga ɗan arewa ita ce ya yi lisans, wato digirin farko na shekara uku, a fannin gudanarwa ko kasuwanci gaba ɗaya. Jami'ar Ngaundere da ke Dang tana da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa da ta daɗe, ga jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022, ga kuma makarantar kasuwanci ta ESSEC a Duwala ga wanda ya ci jarrabawar shiga. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati jaka 50 ne a shekara a karatun gama-gari, duk da cewa kwasa-kwasan ƙwarewa sun fi haka tsada. Dalilina shi ne kujerun aiki masu suna "kasuwancin wasanni" a ƙasashenmu ba su da yawa. Mai digirin kasuwanci zai iya aiki a banki ko kamfanin waya ya ci abinci, yana gina harkar wasa a gefe har ta tsaya da ƙafarta. Wanda takardarsa ta wasanni ce zalla, in ƙofar nan ɗaya ta ƙi buɗuwa, ya shiga uku.

Ƙwarewar sai ta biyo baya a matakin masta, lokacin da mutum ya riga ya san abin da yake nema. Jami'ar Ohio a Amurka ce ta fara irin wannan kwas a 1966. A Faransa akwai reshen gudanar da wasanni a tsarin karatun wasanni na jami'o'i da ake kira STAPS, da cibiyar doka da tattalin arzikin wasanni ta Limoges. Akwai kuma FIFA Master da aka fara a 2000, wanda ake yi tsakanin Leicester da Milan da Neuchâtel, ɗalibai kaɗan ake ɗauka kuma sai mai Turanci da gogewar aiki. Duk suna da kyau ga wanda ya samu tallafin karatu. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a sayar da gona ko shanun gado domin a tura yaro ɗan shekara 18 wata makarantar kuɗi a waje saboda an ga hoton filin wasa a tallanta.

A shekarun lisans ɗin nan, hutu bai kamata ya tafi a banza ba. Ɗalibi ya je ya roƙi sitaj, wato zaman koyon aiki, a wata ƙungiya ko reshen hukumar ƙwallo na yanki ko gidan rediyon gari, ko da ba za a biya shi ba. Ya tsaya a ƙofa ya yagi tikiti, ya ga ta inda kuɗi ke zurarewa. Ya koyi Excel sosai, ya koyi ɗaukar bidiyo da waya da tace shi, ya iya rubuta wasiƙar neman ɗaukar nauyi da Faransanci marar kuskure. Turanci ma dole ne, domin Najeriya na maƙwabtaka da mu, kuma takardun FIFA da CAF da manyan kamfanoni da shi suka fi yawo. Hausa da Fillanci da Larabcin Cadi da ya tashi da su kuwa, su ne abin da abokin karatunsa na kudu ba shi da su, kuma kamfanin da ke son sayar da kaya daga Ngaundere zuwa tafkin Cadi yana buƙatar mai iya magana da mutanen wurin. 'Yan mata ma kada a hana su. Aikin lissafi da rubutu da tsara taro ne, kuma rabin masu sayen sabulu da shinkafar da ake tallatawa mata ne, waɗanda har yanzu filayenmu ba su tanadar musu wurin zama mai mutunci ko makewayi mai tsabta ba.

Idan kuma duk da haka an zaɓi makarantar kuɗi mai ba da BTS, takardar karatun shekara biyu bayan bak, ko lisans a wannan fanni, uba ko kawu ya raka yaron kafin a biya ko dala. A nemi ganin takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, a tambayi jami'ar gwamnatin da ke kula da digirin. A tambayi ko cikin malaman akwai wanda ya taɓa sa hannu a kwantiragin ɗaukar nauyi na gaske, da ƙungiyoyin da makarantar ke tura ɗalibai sitaj. Sannan a nemi a haɗa ku da mutum uku da suka gama a wurin shekara biyu da suka wuce, a kira su ɗaya bayan ɗaya a ji aikin da kowannensu yake yi yanzu.